Shekarar Da Na Kira Sunan Hauwa'u

Kun sha tsokanata a gidan nan na unguwar Mairi, ku da 'ya'yanku, wai duk cikin sa'o'ina ni kaɗai ce nake ƙwala wa 'yar fari kira da sunanta tun daga tsakar gida har a jiyo ni a bakin titi. Wani cikinku ma ya taɓa cewa ai boko ne ya cire min kunya. Ban tanka ba a lokacin, don baƙi na zaune. Amma tunda Allah ya ja kwanana, hannuna kuma bai fara rawa ba, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, kada bayan raina kowa ya ba da nasa labarin.

A unguwar Hausari aka haife ni, amma gidanmu gidan Kanawa ne har cikin tukunyar miya. Kakanmu ne ya taho Maiduguri da sana'ar dukanci, ya zauna, ya mutu, al'adar da ya zo da ita kuma ta zauna daram a hannun matan gidan. Cikinta har da kunyar ɗan fari. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban manya, ba ta nuna ta san da shi. Haka mahaifiyata, Inna, ta yi wa yayanmu, har ya yi gemu ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. To ni kuma da na haifi yayarku, sai Babanku ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Hajiya ta unguwar Fezzan, wato Hauwa'u. Kun ga ƙofa ta rufu sau biyu ke nan, ga kunyar 'yar fari ga sunan suruka. Ana yaye ta Inna ta ɗauke ta. Ta tashi a ɗakin Inna, tana kirana Yaya kamar yadda ta ji ƙannena suna yi, ni kuma in zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". Kada ku ɗauka ba na son ta. In na je gida na tarar tana barcin rana, Inna kuma ta zagaya, nakan tsaya a kanta ina ƙirga yatsun ƙafarta da ido. Ina jin motsin takalmin Inna sai in kama gyaran labule.

A shekarar da ta isa shiga makaranta ina koyarwa a wata firamare da ke tsakanin Hausari da Fezzan, kuma ni ce malamar aji ɗaya. Ku da kuka yi makarantun da kowane darasi da malaminsa ba za ku gane ba. Malamar aji ɗaya ba ta da fanni. Ita ce ta lissafi, ita ce ta Hausa da Turanci, ita ce ta kimiyya da addini da zane, ita ce kuma mai share majina da raba faɗa a kan fensir. Da safe in duba farce da haƙora, wanda ya zo da kwantsa in tura shi bakin randa. Daga nan mu rera baƙaƙe har muryata ta dushe. Lissafi da ƙwallayen dabino muke yi da murafen kwalba, kowane yaro da nasa a ƙulle a tsumma. In zafi ya taso, irin zafin garin nan da ke sa kwanon rufi ya riƙa ƙara, sai in kwashe su zuwa gindin bishiyar dogon yaro mu yi alwala da buta ɗaya, ana wanke hannu ana wanke na kusa. Rabin ajin Kanuri suke ji, wasu Larabcin Shuwa, wasu yaren kudancin Borno, Hausar kasuwa ce kawai ta haɗa mu. Ina son aikin nan ƙwarai, har yau in na ji warin alli sai zuciyata ta yi sanyi.

Ranar farko na shiga aji na hango ta a benci na biyu kusa da taga, an ɗaura mata ɗankwali ya fi kanta girma, tana washe min baki. Ban ko ajiye jakata ba na juya sai ofishin hedimasta. Malam Bukar sunansa, Bakanuri ne dogo, mai son dariya.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a sauya wa yarinyar nan aji."

"Wushe, sannu, Malama. Wace yarinya? Aji cike yake da yara."

"Ta gidanmu."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya gane, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Mu ma muna da nongu, kunyar nan taku ba baƙuwarmu ba ce. Amma aji ɗaya guda ɗaya gare ni, malamarsa kuma ke ce. Ko in kai ta aji shida ta zauna da masu ƙasumba?"

Haka na dawo na fara dabara. Wajen kiran suna da safe, in na zo kan nata sai in ɗaga ido, in na hango ɗankwalin in yi maki in wuce na gaba. Na ɗauka shi ke nan na tsira. Ashe ban san wadda Allah ya haɗa ni da ita ba. Yarinyar nan ba a yin tambaya a ajin hannunta bai tashi ba. Ƙwallayen dabinonta sun fi na kowa yawa, ta wanke su tas, ta shanya, har Inna ta ɗinka musu 'yar jaka. In na ce wa zai zo ya cire uku daga cikin bakwai, hannunta ne farko, har tana ɗagowa daga benci tana cewa "Ni, Malama, ni!" Ni kuwa sai idona ya zame ya faɗa kan na bayanta. In abin ya matsa sai in ce "ke ta kusa da taga," to amma kusa da taga akwai Yagana, abokiyar zamanta, 'yar ƙarama mai kaifin baki, kafin in rufe baki ta riga ta iso gaban allo, ko ta san amsa ko ba ta sani ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne darasin wake. A kimiyya nakan sa kowane yaro ya kawo gwangwanin madara, mu huda gindinsa da ƙusa, mu cika da ƙasa, ya shuka wake, mu jera a bakin taga. Ni ke rubuta sunaye a jikin gwangwanayen. Rubutu ba kira ba ne, don haka nata na zauna na tsara shi, har da 'yar kwalliya a ƙarshen baƙin. Al'adar ajin kuwa, duk wanda wakensa ya fara tsirowa, sai in ɗaga gwangwanin in faɗi sunan mai shi a tafa masa. Sai ga shi nata ne ya riga na kowa, don har a hutun tara takan rage ruwan shanta ta zuba masa. Na ɗaga gwangwanin, bakina ya buɗe, sunan ya zo har kan harshena ya maƙale. Sai na ce, "Na wannan gwangwanin ya fito, a tafa." Aji ya tafa wa gwangwani. Ita ma ta tafa, tana kallona.

A zango na biyu hannun ya fara gajiya. Da farko yakan tashi rabi, gwiwar hannun na kan tebur. Daga baya sai yatsa ɗaya. Daga baya ba komai. Jakar ƙwallayen ta daina zuwa makaranta. In muna rera baƙaƙe bakinta ba ya motsi, tana kallon awakin da ke kiwo a bayan katanga. Yarinyar da ta riga kowa gane bambancin "ba" da "da" ta koma tana juya su. Na ga wannan duka, don malamar aji ɗaya ba abin da ke wuce mata, kuma na san in yaro ya saki karatu tun a wannan aji, da wuya ya sake kama shi da daɗin rai. Na ga irinsu da yawa, suna kaiwa aji huɗu sai talla. Hankalina ya tashi, amma na riƙa gaya wa kaina zafi ne, ko kuma tsutsar ciki.

Yagana ce ta fasa ƙwan. Muna darasin zamantakewa, ina tambayar kowa ya faɗi mutanen gidansu da aikin da kowa ke yi, na bi benci benci, na zo kan na biyu na tsallake ta kamar kullum. Sai Yagana ta miƙe ba tare da an kira ta ba, ta dafa kafaɗar ƙawarta, da Hausarta ta 'yan Kanuri.

"Malama, wannan sunansa Hauwa. Shi ya ce ke ba ki san sunansa ba, shi ya sa. To yanzu na gaya miki."

Ta koma ta zauna abinta, ta yi aikin alheri ta gama. Ni kuwa allin hannuna ya karye biyu. Na dubi yayarku, ta sunkuyar da kai tana murza bakin ɗankwali. Ashe duk tsawon watannin nan abin da ke ranta ke nan, cewa Yaya da take gani a gidan Inna kusan kullum ba ta san sunanta ba. Wallahi ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan ba.

Da na koma gida na sami Babanku a shago yana kan keken ɗinki, na kwashe duka na gaya masa. Kun san halinsa, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son a sa shi a tsakiya. Ya daɗe yana zura zare a allurar da ta riga ta zuru.

"Sunan mahaifiyata ne. Ni ba zan ce ki kira ba. Ba kuma zan ce kada ki kira ba."

"To me ka ce ke nan?"

"Na ce Allah ya ba da sa'a."

Washegari a darasin lissafi na zuba ƙwallaye a kan teburina, na ce ina son wanda zai raba su gida biyu daidai. Hannaye suka tashi ko'ina, ban da nata. Na yi bisimilla a zuci kamar mai shirin tsallake rijiya, na ce, "Hauwa'u." Muryar da ta fito ban san ta ba, siririya ce kamar ta amarya. Yarinyar nan sai ta waiga baya tana neman wata Hauwa'un. Babu wata. Sai da Yagana ta zungure ta da gwiwar hannu sannan ta miƙe, ta taho a hankali tana duban ƙasa, ta raba ƙwallayen nan ɗaya nan ɗaya can. Ta raba daidai. Na ce a tafa wa Hauwa'u. Karo na biyu ya fi sauƙin fita.

Yaran Hausari kuwa sun fi rediyo. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na yi sallama a ƙofar Inna, ta amsa wa bango. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ashe abin da ake koya muku ke nan. Ni na haifi yayanki, har yau ƙasa ba ta taɓa jin sunansa daga bakina ba, kuma bai lalace ba. Ke kuwa a gaban 'ya'yan mutane, 'yar fari, sunan surukarki, kamar mai kiran akuya."

"Inna, karatunta ne ke lalacewa."

"Mu ba karatu ne ya raine mu ba, kunya ce."

Ta yi makonni ba ta sake min fuska ba. In na kai mata cefane sai ta ce a ajiye a can. A gidan suna mata suka riƙa zunɗena, wata gwaggonmu ma tana ganina sai ta ce, "Ga Malama mai kiran suna, kowa ya riƙe nasa." Ni da ake misali da ni a dangi wajen kawaici na koma abin ba'a. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba, na Inna ya fi ciwo.

Wadda na fi tsoro kuwa ita ce mai sunan. Wata safiya muna tsakiyar zane, yara na zana buta, kowace buta ta fi kama da kaza, sai ƙamshin turaren wuta ya riga mai shi shigowa. Hajiya ce da kanta, ta naɗo lafaya, ta taho a ƙasa tun daga Fezzan. Ta tsaya a bakin ƙofa, yara suka miƙe suka rera mata gaisuwa.

"An ce min kullum ana kirana a ɗakin nan, na ce bari in zo in amsa."

Na durƙusa har ƙasa. Ta ce in tashi in ci gaba da aikina, ta ja kujerata ta zauna. Ta ga zanen butoci, ta ga an rera baƙaƙe, ta ga takwararta ta fito ta karanta layi guda a allo ba gargada, bayan na kira ta da muryar da ko ni da ƙyar na ji. Da aka tashi tara ta yafito ni.

"A cikin ɗakin nan na yafe miki, tunda na ga abin da ake yi da shi. Amma daga bakin ƙofar can zuwa waje, sunana ne. Kin ji ko?"

Na ce na ji, na gode. A ganina an raba gardama, kowa ya sami nasa. Daga ƙarfe takwas zuwa tashi ita Hauwa'u ce, ni Malama. Muna fita ƙofar makaranta ta koma yarinyar nan, ni Yaya. Zango na uku kuwa ba a magana. Ta dawo da jakar ƙwallaye, ta haddace surorin da muke yi, ta fara haɗa baƙi tana karanta duk abin da ta gani a jikin shaguna, har Babanku ya ce ta karanta masa kuskuren da mai fenti ya yi a allon shagonsa. Wani lokaci ma ta san amsa amma sai ta yi jinkirin tasowa, don in sake kira. Na gane, na kuma riƙa sakewa.

Sai jarrabawar ƙarshen shekara ta zo, wadda ake wucewa aji biyu da ita. Na raba takardu, na karanta musu tambayoyin lissafi ɗaya bayan ɗaya. Ina zagayawa na iso benci na biyu, na ga Yagana ta cika tata da amsoshi, daidai da ba daidai ba, ita kuwa yayarku ta rubuta sunanta a sama ta ajiye fensir ta naɗe hannu. Tambayoyin da take yi ido rufe. Na ce ko ba ta da lafiya, na taɓa goshinta, sanyi ƙalau. Ta Hausa ma haka ta miƙo min fara fat. Da aka tashi na riƙe ta, muka rage mu biyu a aji.

"Hauwa'u, me ya hana ki rubutu? Kin manta ne?"

Ta girgiza kai.

"To mene ne?"

"Yagana ta ce wanda ya faɗi a ajin nan zai sake zama."

"Ke kuma so kike ki sake?"

Ta dubi allin da ke yatsuna. Can ta ce, "In na tafi aji biyu, ke ba za ki ƙara kirana ba."

Na zauna a kan bencin yara. Yarinya 'yar shekara shida ta yi lissafin da ban koya mata ba, kuma daidai ta yi. Na je na roƙi Malam Bukar, wannan karon bai yi dariya ba, ya ce ta zo da safe ta sake rubutawa a ofishinsa, in har za ta rubuta. Na san kuwa ba za ta rubuta ba, ko da bulala, muddin ƙofar aji ɗaya ce iyakar sunanta a bakina.

Na san abin da zai biyo baya in na karya sharaɗin Hajiya, kuma ya biyo. Ta ɗauke ƙafa daga gidanmu har sai da aka haifi na biyunku, kuma har ta koma ga Allah akwai ɗan sanyin da bai gama fita daga gaisuwarmu ba. Ban ga laifinta ba, alkawari na yi mata na saɓa. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma da za a mayar da ni ranar, zan sake biya.

Bayan la'asar na tafi gidan Inna. Tsakar gida cike da mata, ana yi wa wata kitso, ana gyaran zogale, Inna na kan tabarma da carbinta. Yayarku na can ƙarshen gida wajen turken awaki, ta juya baya. Na tsaya a tsakiyar gidan da aka haife ni, inda ba a taɓa jin uwa ta kira ɗan farinta ba tun zuwan kakanmu daga Kano, na ɗaga murya irin wadda nake yi wa 'yan bencin baya.

"Hauwa'u!"

Mai kitso ta tsaya da tsinke a hannu. Yarinyar ta juyo, amma ba ta amsa ba, ba ta kuma motsa ba. Ba ni take kallo ba, Inna take kallo, tana jiran ta ji ko an yarda. Inna ta daɗe tana jan carbi. Ta kawar da fuskarta gefe don kada mu haɗa ido. Sannan ta yi magana, da faɗa faɗa, kamar mai korar kaji daga shanya.

"Ke, ba ki ji ba ne? Ki amsa mana. Uwarki ke kira."

Ba wanda ya taɓa kirana uwarta a gabanta a gidan Inna sai ranar. Ta taho da gudu, ɗankwalin ya faɗi a hanya, ba ta tsaya ɗauka ba.